Darbejiyar Bakin Juji

Ranar Talata ce a cikin watan Rajab, bayan an idar da sallar La'asar. Mu uku ne a motar. Ni ke tuƙi, taubashina yana gefena, mai ɗaukar masa hoto kuma, wani Bature mai jan gemu, yana baya rungume da kyamara. Mun nufi kudancin Jidda, inda unguwar Karantina take a da. Taubashin nawa ya zo daga Landan zai yi wasa a wani dandali a bakin teku, amma abin da ya fi damunsa shi ne in nuna masa daidai wurin da aka haifi mahaifinsa, ya tsaya a kai a ɗauke shi hoto. An riga an rushe unguwar, ta zama fili fetal. In ba wanda ya girma a cikinta ba, babu mai iya cewa nan gida ne, can hanya ce. Ni a cikinta na girma. Kuma akwai tsohuwar magana tsakanina da shi, wadda shi a ganinsa ta daɗe da wucewa.

Mahaifinsa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata. Kakanninmu da ƙafa suka zo aikin hajji daga ƙasar Damagaram, suka zauna. Kawu ya tashi yana dako a tashar jiragen ruwa, har ya samu aiki a wani jirgin kaya. Jirgin ya kai shi Ingila, daga nan sai a hoto muke ganinsa. Can ya yi aure, can aka haifi wannan yaron, a saman wani dogon bene. Da labari ya iso mana cewa ɗan Kawu ya zama mawaƙi, yana irin gambarar nan ta zamani da suke kira hip-hop, Inna cewa ta yi Allah ya shirya.

Ni kuwa da kunnen sana'a na saurare shi. Na yi shekaru ina karanta labarai da Hausa a gidan rediyo, kuma abin da aka fara koya mana shi ne inda mutum zai ja numfashi. Wanda bai san wannan ba, komai daɗin muryarsa, jimla a bakinsa za ta mutu. Yaron nan ya sani. A farkon fitowarsa, lokacin da shi da abokansa suke cushewa a ƙananan tashoshin rediyo na bayan fage suna miƙa wa juna makirufo, yakan jero kalmomi kamar ana zuba tsakuwa a tasa. Ba ka jin inda ya huta, amma kowane harafi yana fita, ba ya haɗiye ƙarshen kalma. Waƙoƙinsa na lokacin duk na unguwarsu ne: matakalar bene, 'yan sanda, uban da ke dawowa daga aiki ya zauna bai ce uffan ba. Ban taɓa musun yana da baiwa ba, yau ma ba na musu. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce hassada ce.

Zuwansa na farko Umra ya zo, tun duniya ba ta san shi ba. A gidanmu ya sauka. Tsakanin taubasai wasa dole ne, mun kuwa yi masa shi har ya ƙoshi. Ƙanena, wanda suke kusan sa'o'in juna, shi ya fi sa shi a gaba. Ba sa jin yaren juna, ni ne tafinta.

“Yaya, tambaye shi, a Ingila kaji ba su da ƙashi ne? Na ga yana neman inda zai kai ƙara.”

Na fassara. Baƙon ya ajiye cinyar kazar, ya ce, “Gaya masa Baba ya ce ni ɗan namiji ne, ku 'ya'yan mace duk bayina ne. Ya yi mini magana da ladabi.”

“Halas, shi ke nan, ubangida. Yalla, tashi ka wanke wa bayinka kwanuka, lada kake nema ai.”

Ya tashi ya wanke kuwa, Inna tana yi mana faɗa tana dariya. Kafin mako ya ƙare ya iya cewa Gwaggo, ya iya cewa Yaya, ya iya zama a ƙasa.

Yana da wata 'yar kyamara da ba ya rabuwa da ita. A nan ne na zaunar da shi. A unguwarmu ba a ɗaukar fuskar mutum a bakin aikinsa. Ba kunya ba ce, ba camfi ba ne. Yawancinmu a Jidda aka haife mu, amma da iƙama muke zaune, takardar izinin zama, kuma a cikinta an rubuta sunan kafili, mutumin da ya tsaya maka, da irin aikin da aka yarje maka. Iƙamar ƙanena ta ce direban gidan wani mutum ne. Shi kuwa walda yake yi a wata warsha a Khumra, cikin rumfunan ƙere-ƙere. Kafilinsa ya sani, ya kau da kai. Haka mutane da yawa ke ci da iyalinsu. Ko mai hoton biki ne ya shigo layinmu, sai ya tambayi wanda za a ɗauka da wanda ba za a ɗauka ba.

Na yi masa wannan bayani da Turanci, dalla-dalla, na maimaita kamar mai karanta kanun labarai. Inna tana zaune tana jin mu. Ya dafa ƙirji ya ce, “Yaya, wallahi ƙarar kawai nake so, da tartsatsin wutar. Duk fuskar da ta fito zan rufe ta.” Da wannan sharaɗi ƙanena ya tafi da shi Khumra.

Bayan wasu watanni waƙar ta fito. Har gobe ita ce mafi kyawun abin da ya taɓa yi. Babu ganga a cikinta. Gudumar ƙanena ce a kan ƙarfe aka yanka, aka jera, ta zama kiɗa, muryar taubashina kuma tana gudu a kai kamar ruwa a kwalbati. Ita ta fitar da shi daga ƙananan rediyo ta kai shi manyan dandali. A tsakiyar bidiyon, mai walda ya ɗage abin rufe fuskarsa, ya dubi kyamara, ya yi dariya. Allon warshar yana bayansa, rubutun a fili. Na san dariyar, ta tsokana ce, wata magana ya gaya wa taubashin nasa. Daga baya na ji taubashina a wata hira yana cewa ya gwada rufe fuskar, sai ya ga fuskar ita ce waƙar.

Bidiyon ya zagaya duniya ya iso Jidda. Ɗan kafilin ya gani a waya, ya nuna wa mahaifinsa. Mutumin ya tsorata kada laifin ya faɗo kansa, ya je ya kai rahoto cewa direbansa ya gudu. Wata safiya aka tsayar da ƙanena a shingen bincike a hanyar Khumra, aka duba, aka ga sunansa. Ya yi makonni a inda ake tara waɗanda za a mayar, sannan aka sa shi a jirgi zuwa Yamai, ƙasar da bai taɓa takawa ba. Yanzu yana Damagaram, wajen dangin da ba su san shi ba sai ranar da ya yi sallama. Hausarsa rabi Larabci ce, can ɗan Makka suke ce masa. Matarsa da 'yarsa sun bi shi daga baya. Inna ba ta sake ganinsa ba.

Na buga waya Landan, wata mata mai kula da harkokinsa ta ɗauka. Sai saƙo ya zo cewa ya ji abin da ya faru, ransa ya ɓaci, yana yi mana addu'a. Kawu ya kira Inna yana kuka. Ita ta ce ƙaddara ce, ta kuma hana a sake tayar da zancen, don zumunci. Na bi umarninta. Ban zagi kowa ba, ban yi rantsuwa ba. Na dai ci gaba da sauraro.

Faifansa na biyu ya yi laushi. An kawo masa mata masu amshi, an sa shi a jirgin ruwa da fararen kaya. Ya samu kasuwa, amma numfashin ya yi ƙiba, ya fara hutawa a tsakiyar jimla. Na uku bai je ko'ina ba. Jaridun ƙasarsu suka ce ya ƙare, ni kuma na karanta kowane sharhi a tsanake, da shayi a gefena. Ya yi shiru na wani lokaci, aka gan shi a wani wasan talabijin sanye da kayan 'yan sanda. Sannan ya dawo da gemu, yana zancen asali da tushe. Lokacin da aka rushe Karantina ya sa baƙin hoto a shafinsa, ya rubuta cewa an rushe gidansu. Kwanakin da ya yi a gidan ba su cika wata ba. Mu a ranar muna ɗora gadon Inna a bayan motar ɗaukar kaya, muna neman wanda zai ba mu haya.

Abin da nake so bai da yawa. Ina so ko dai ya faɗa da bakinsa cewa shi ya jawo, ko kuma shi ma ya ɗanɗana yadda ake ji idan hotonka ya fita duniya yana faɗin abin da ba ka so, ba ka da ikon kamo shi.

Da saƙonsa ya zo cewa zai iso Jidda, kuma sabon faifansa a kan mahaifinsa ne, wanda ke kwance ba lafiya, yana so bangon faifan ya zama wurin da aka haife shi, Inna ta ce, “Ka kai shi. Ɗan ƙanena ne.” Na ce to.

Lokacin da na tayar da motar a ƙofar otal ban yanke shawara ba tukuna. Hanyar kudu tana da tsawo, na bar masa ita, ko zai faɗa da bakinsa.

“Bawana, ka tsufa,” ya ce, yana dukan kafaɗata. “Furfura har a gira.”

“Haka ne, ranka ya daɗe.”

Da ya san al'adar da kyau, da ya gane cewa taubashin da ya amsa maka da ladabi ya fitar da kai daga dangi. Bai gane ba, dariya ya yi. Ya tambayi lafiyar Gwaggo. Ya tambaya ko mai tsiren nan na bakin masallaci yana nan. Ya tambayi yadda ake cewa ƙasa da Hausa, ya maimaita, ya kasa ƙ ɗin. Mun wuce tsohon gari, ƙugiyoyin tashar jiragen ruwa sun fara bayyana a hannun dama, sai ya ce yana da abin da zai jiyar da ni. Ya haɗa wayarsa da rediyon motar.

Sabuwar waƙa ce a kan ƙanena. Labarin wani mai walda da aka haifa a gari, garin ya tofar da shi. An tsara ta da kyau ƙwarai. Ya lissafa masu laifi ɗaya bayan ɗaya: takarda, kafili, kan iyaka, duniyar da ke auna mutum da hatimi. Na kasa kunne har baitin ƙarshe. Babu kyamara a cikin lissafin.

“Yaya ka ji ta?”

“Numfashinka ya dawo,” na ce.

Ya ji daɗi ƙwarai, ya juya ya gaya wa mai jan gemun abin da na ce.

“Ƙanen nawa ya ji ta?” na tambaya.

“Tukuna. So nake ta zo masa ba zato. Yauwa, kana da hotonsa na yanzu? Wanda yake bakin aiki in da hali. Za mu sa a bidiyon.”

Na ce zan duba. Daga nan ban sake jiran komai ba.

Karantina ta zama shimfiɗaɗɗen fili mai launin toka, sai gutsattsarin tayil da ƙarafan da suka leƙo daga ƙasa. An bar masallaci ɗaya tsaye. Da hasumiyarsa nake awo. Gidanmu, inda aka haifi Kawu, yana gabas da ita, inda layin ya karkata, kuma na gane wurin tun daga nesa, domin ƙasar ta ɗan yi tudu inda dakalinmu yake. Na bi ta gefensa ban rage gudu ba. Na ci gaba har ƙarshen filin, inda wata katuwar darbejiya take tsaye ita kaɗai, kore shar.

Duk wanda ya zauna a Karantina ya san bishiyar nan, ya kuma san abin da ya ciyar da ita. A gindinta jujin unguwa yake. Nan ake zubar da shara, da kayan cikin raguna ranar Layya, da mushen kuliyoyi, nan ruwan masai ke taruwa in ya yi ambaliya. Mata in sun zo wucewa sai sun toshe hanci da gefen mayafi. In yara suna faɗa, zagin ƙarshe shi ne a ce maka a gindin darbejiya aka tsince ka. Daga wannan sai dambe.

Na kashe mota. Ya dubi bishiyar, idonsa ya cika.

“Nan ne?”

“Nan ne,” na ce. “A inuwarta.”

Duk shekarun da na yi a gaban makirufo ban taɓa karanta abin da na san ƙarya ne ba. Wannan da muryar labarai na faɗe ta, ba rawa, ba gaggawa.

Ya cire takalmansa. Ya taka a hankali har gindin bishiyar, ya durƙusa, ya ɗibi ƙasa da hannu biyu ya zuba a wata 'yar jaka da ya zo da ita. Ya jingina goshinsa a jikin itacen, kafaɗunsa suna motsi. Mai jan gemu yana zagaya shi yana cewa hasken ya yi daidai, kada ya motsa. Ni ina jingine da mota.

Ana cikin haka wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ta tsaya kusa da mu. Maƙwabcinmu ne na da, dattijo, yanzu yana tsintar ƙarafa a filin yana sayarwa. Ya leƙo ta taga.

“Salamu alaikum, ɗan rediyo. Esh hada, mene ne haka? Duk faɗin Jidda kun rasa wurin shan iska sai juji?”

“Baƙo na kawo, Baba. Ɗan Kawu na Landan. Ya zo ganin inda aka haifi babansa.”

Dattijon ya dubi mutumin da ke durƙushe. Ya waiwaya can wajen tudun dakalinmu. Ya dawo da idonsa kaina.

“Mai bidiyon?”

“Shi.”

Ya sosa haɓa. Taubashina ya taso, fuskarsa jiƙe, yana tambaya me tsohon yake cewa. Kafin in buɗe baki, dattijon ya fito daga mota, ya kama hannunsa da hannu biyu.

“Marhaba, marhaba, ɗan Alhaji.” Ya nuna bishiyar da haɓa. “Gida. Gidanku ke nan.”

Gida yana cikin kalmomin da taubashina ya sani. Ya rungume tsohon. Mai jan gemu ya ɗaga kyamara, dattijon ya ja ƙyallen kansa ya rufe fuska, ya shiga motarsa. Da zai ja ya ce mini, “Ka gaida Hajiya. In kun yi waya da yaron nan na Damagaram, ka ce ina gaishe shi.”

Daga filin muka wuce gidan hayarmu don ya gaida Inna. Ta sa an yi masa waina da miyar taushe. Bayan ya ci, ya karɓi kyamarar ya durƙusa kusa da ita yana nuna mata hotunan. Ta kawo fuskarta kusa, ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dube ni. Ban sunkuyar da kai ba.

“Allah ya yi maka albarka, ɗana,” ta ce masa. “Ka gaida babanka.” Na fassara masa daidai yadda ta faɗa.

Da na dawo daga mayar da su otal, tana zaune a inda na bar ta, ba a kwashe kwanukan ba.

“Ka san wanda ka zaga?”

“Na sani, Inna.”

“Ba yaron ba. Ubansa. Ƙanena ne, a ɗakin uwata aka haife shi, ni na fara ɗaukarsa.”

“Nawa ƙanen yana Damagaram.”

Ta fara kwashe kwanukan. Ba ta dai ɗauki waya ta kira Landan ba, alhali lambar tana hannunta. Ta yi kwanaki ba ta yi mini magana sai in ta kama dole.

Faifan ya fito bayan azumi. A bangonsa ga shi nan ba takalmi, goshi a jikin darbejiya, a ƙasa an rubuta da Turanci cewa nan aka haifi mahaifinsa. Mutanen Karantina sun watse, wasu suna wasu unguwannin Jidda, wasu Makka, wasu Yamai da Injamena da Kano, amma duk suna da waya. Kwana kaɗan hoton ya gama zagaya su. Suka cika shafinsa da Larabci da Hausa, wani ya yi masa alheri ya fassara. Kawu ma ya gani a gadon asibiti, kuma ya gane bishiyar. Abin da suka ce da ɗansa ban sani ba.

A bugu na biyu an sauya bangon, ya zama baƙi wuluk da sunansa kaɗai. Na farkon dai ya riga ya shiga hannun mutane. Bai sake zuwa Jidda ba, bai kuma kira ni ba. Waƙar ƙanena tana nan a faifan, amma bidiyonta bai fito ba.